Yadda ake sa wa enzayim rigar PEG

Duk wanda ya san cunkoson safiya daga Mararaba zuwa Nyanya zai gane bambancin kai yaro mara lafiya asibiti a Abuja sau uku a mako da kai shi sau ɗaya a mako biyu. Ga yaro mai sankarar jini, wani aikin ɗakin gwaji ne ke iya kawo wannan sauƙi.

Maganin da ake ba yaron enzayim ne, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, sunansa asfarajines, kuma daga ƙwayar E. coli ake samo shi. Yana cinye asfarajin da ke cikin jini, abincin da ƙwayoyin sankarar ba sa iya haɗa wa kansu. Sai dai ba shi da ƙarko. Jiki na ɗaukar sa baƙo, ya far masa, kwana ɗaya da 'yan sa'o'i rabinsa ya tafi. Frank Davis da Abraham Abuchowski na Jami'ar Rutgers a Amurka suka nuna mafita a 1977: a ɗaura wa furotin dogayen zaruruwan sinadarin PEG.

Da farko a tace enzayim ɗin tas. Sai a ɗauko zaren PEG a toshe bakinsa ɗaya, don kada ya kama furotin biyu ya dunƙule su, ɗaya bakin kuma a liƙa masa sinadarin da zai zama ƙugiya. A haɗa su cikin ruwa mai ma'aunin pH wajen 8. Nan ƙugiyoyin ke maƙalewa a guraben sinadarin laisin da ke jikin furotin. A wannan maganin, zare 69 zuwa 82 kan hau kowane enzayim guda.

A ganina gwanintar duk a nan take. In zaren ya yi kaɗan, jiki zai gane baƙonsa. In ya yi yawa, ya rufe bakin da enzayim ke aiki da shi, an yi asarar magani mai tsada. Idan aka dace, kowane zare zai jawo ruwa ya riƙe, kamar jiƙaƙƙen buhun da ake naɗe tulu da shi, masu farfasa furotin su kasa kai wa gare shi, garkuwar jiki ma ba ta saurin ganin sa.

Daga nan a tace ragowar PEG, a auna ƙarfin aikin da ya rage, a ɗura a kwalba. Amurka ta amince da maganin a 1994 da sunan Oncaspar, kuma sai ya haura kwana biyar kafin rabinsa ya bar jini.

Rigar ba ta maganin zafin rana. Dole kwalbar ta zauna a firij tsakanin digiri 2 da 8, kada ta daskare, kada a girgiza ta. A unguwar da ake yawan ɗauke wuta, iyaye su tambayi mai sayarwa inda ya ajiye ta kafin su biya, su kuma kai ta asibiti cikin kula mai ƙanƙara, ba tare da kwalbar ta taɓa ƙanƙarar ba.