Darasi na Tara: Labarin Tafiya da Matsalar Sunayen Baƙin Abubuwa (Misali Daga Birnin Kyoto)

9.1 Gabatarwa

Labarin tafiya wani reshe ne na rubutun zube da Hausawa suka daɗe da saninsa. Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan ziyarar da ya kai Ingila a 1943, Malam Aminu Kano kuma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Babbar matsalar mai irin wannan rubutu ita ce, yakan ga abin da mai karatunsa bai taɓa gani ba, wanda harshen bai tanadar masa suna ba. Hanyoyi uku ne a gabansa: ya ari kalmar, ko ya faɗaɗa ma'anar wata kalmar Hausa, ko ya siffanta abin. Malamin Hausa zai gamu da wannan zaɓi a darasin insha'i da na fassara, kuma idan ya yi sakaci zai koya wa yara ƙarya a kan wata al'umma ba tare da ya sani ba. An ɗauki misalin baƙon da ya kai ziyarar kwana biyu ko uku birnin Kyoto na ƙasar Japan, ya zaga gari, ya ci abinci, ya yi sayayya.

9.2 Rubuta sunayen

Japananci ya fi Ingilishi sauƙin zama a bakin Bahaushe. Wasula biyar gare shi, a, i, u, e, o, kowanne da gajere da dogo, kuma akasarin gaɓoɓinsa baƙi da wasali ne. Shi ya sa sunaye irin su Nishiki da Kiyomizu ba sa bukatar gyara. Sautin f na Fushimi baleɓe ne, kamar na Hausa. Haka kuma ky na Kyoto daidai yake da na kyau da kyauta, wato gaɓa biyu ce sunan, ba uku ba. Wannan hujja ta shafi Tokyo ma, sai dai Tokiyo ya riga ya zauna a bakin mutane, kuma sunan da ya zauna ba a tayar da shi don burge masana.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen kwafo rubutun boko na Japananci, domin an gina baƙaƙensa bisa karatun Ingilishi. Garin ganyen shayin da ake rubutawa matcha, macca ne a ƙa'idar Hausa. Ts kuwa tarko ne: na Hausa tunkuɗau ne, kamar a tsuntsu, na Japananci ɗan atishawa ne kawai. Ɗalibi zai rubuta tsukemono yadda yake, amma ya sani furucinsa ya Hausance.

9.3 Zaga gari

Mai fitowa daga Tokiyo yakan shiga Shinkansen, layin dogon da aka buɗe a 1964, ya isa Kyoto cikin awa biyu da 'yan mintoci. Wasu masu fassara sukan ce jirgin harsashi, alhali laƙabi ne kawai suka fassara. Ma'anar kalmar a Japananci ita ce sabon babban layi. Jirgin ƙasa mai tsananin gudu ya wadatar.

Kyoto ce mazaunin sarakunan Japan daga 794 har zuwa sauyin mulki na 1868, kuma a 1994 hukumar UNESCO ta sanya wurare 17 na birnin da kewayensa cikin kayan tarihin duniya. Baƙon kwana uku ba zai ga rabinsu ba. Yawanci yakan je Kinkaku-ji, ginin da aka lulluɓe benayensa biyu na sama da zinariya, wanda aka kafa a 1397, wani matashin mai ibada ya cinna masa wuta a 1950, aka sāke gina shi a 1955. Yakan hau Kiyomizu-dera, mai dandamalin katako da aka harhaɗa ba tare da ƙusa ba, sannan ya bi ta ƙarƙashin dubban jajayen ƙofofin Fushimi Inari.

A nan ne zaɓin kalma yake da nauyi. Wurare biyun farko na mabiya addinin Buddha ne, na ukun na addinin Shinto ne, kuma Japanawa suna da suna dabam ga kowane iri. Ɗalibin da ya kira su duka ɗakin tsafi ya haɗe abu biyu, ya kuma yanke hukunci a inda aka nemi bayani. Wurin ibadar mabiya Buddha da wurin ibadar mabiya Shinto sun fi tsawo, amma sun faɗi gaskiya. Mafi muni shi ne abin da ake yi wa matan unguwar Gion, waɗanda duniya ke kira geisha, mutanen Kyoto kuma suke kira geiko. Sana'arsu kiɗa da rawa da hira da baƙi ce, kuma sukan shafe shekaru suna koyonta. Fassara sunan da karuwa ƙazafi ne. Zabiya ta ɗan matso kusa, amma ita ma ta zo da nata kayan. A ari kalmar, a bi ta da jimla ɗaya ta bayani. Baƙi sun matsa wa matan nan da ɗaukar hoto har a 2019 mazauna unguwar suka hana ɗaukarsa a lungunan da ba na gwamnati ba.

9.4 Abinci

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne cewa sushi ɗanyen kifi ne. Sushi shinkafa ce da aka cuɗa da ruwan tsami, a ɗora mata kifi ko ƙwai ko kayan lambu. Yankakken ɗanyen kifi shi kaɗai sashimi ne. Tofu bai da wahala, domin awara ce, kuma Kyoto ta shahara da yudofu, wato awarar da ake dafawa cikin ruwan zafi da ganyen teku. Wannan misali ne na wurin da aro ba shi da amfani, tunda harshen yana da kalmarsa.

Ramen kuwa, idan aka ce taliya da romo ba a yi ƙarya ba, amma an ɓoye wa mai karatu Musulmi abin da ya fi bukatar sani. Nau'in da ake kira tonkotsu da ƙashin alade ake dafa romonsa. Bugu da ƙari, girkin Japanawa yana yawan amfani da sake da mirin, waɗanda duka daga shinkafa ake yin su kuma akwai barasa a cikinsu, ta yadda miyar da ba nama a cikinta ma tana bukatar tambaya. Marubucin da ya tsallake wannan don jimlarsa ta yi santsi bai kyauta wa mai karatu ba. Haka nan kalmar itadakimasu da suke faɗa kafin cin abinci, kada a mayar da ita bisimilla. Asalinta fi'ili ne na karɓa cikin ladabi, ba ambaton sunan Allah ba ne.

9.5 Sayayya

Kasuwar Nishiki doguwar rumfa ce mai kimanin mita 400, da shaguna fiye da 100, ana yi mata laƙabi da madafar Kyoto. Kalmar kasuwa ta dace da ita, sai dai tana jawo wa Bahaushe dukan rajistar ciniki: taya, albarka, sallama, ragi, gyara. Kusan babu ɗayansu a shagunan Japan. Farashi a rubuce yake, akwai harajin saye na kashi 10 cikin 100 tun Oktoban 2019, kashi 8 a kan akasarin kayan abinci, kuma a ɗan faranti ake ajiye kuɗin yen, ba a hannun mai shago ba. Ba a ba ma'aikacin gidan abinci tukuici. Idan mai shago ya ce irasshaimase, maraba yake yi, amma ba ya jiran amsa, abin da zai ba mai al'adar doguwar gaisuwa mamaki. Wanda ke son ya taya sai ya jira kasuwar tsofaffin kaya da ke ci a harabar To-ji ranar 21 ga kowane wata.

Akwai kuma inda harsunan biyu suka haɗu cif. Omiyage tsaraba ce: abin da matafiyi ke kawo wa 'yan gida da abokan aiki, galibi abin ci, kuma komawa hannu rabbana abin kunya ne a can kamar yadda yake a nan. Tsarabar Kyoto da aka fi sani ita ce yatsuhashi, wani kayan zaƙi na garin shinkafa da kirfa. Rinin shuɗi da suke kira aizome kuwa, duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata a Kano yana da kalmominsa a shirye: baba, rini, marini, ɗauri. A irin wannan wuri ɗalibi ya yi amfani da dukiyar harshensa, amma ya ce rinin Japanawa, don kada mai karatu ya ɗauka tukunya ɗaya ce da ganye ɗaya.

9.6 Jinga

Rubuta sakin layi biyu a kan baƙon da ya shiga kasuwar Nishiki neman tsaraba, ba tare da aron kalma fiye da uku ba, sannan ka kawo hujjar kowane aro. Bayan haka, juya aikin: ɗauki kilishi da fura da zaure, ka nuna yadda za a bayyana su ga ɗan Kyoto, da irin kuskuren da zai iya yi idan ya nemi kalma ɗaya tak daga harshensa.