Manhaja ce ta yi nasara, ko na'urar?

Wani mai karatu daga Korahane ta jihar Maraɗi ya aiko da tambaya. Ya haɗa manhajojin darar Turawa, wato ces, guda biyu, ɗaya a salularsa, ɗaya a kwamfutar abokinsa a Dakoro. Kullum ta kwamfutar ke ci. Ita ce gwana ke nan?

Malam, ba lallai ba. Manhaja kamar mahayi take, na'ura kuwa doki. A daƙiƙa guda kwamfuta tana auna yanayin wasa ninkin-ba-ninkin abin da salula za ta auna, ga kuma zafin bazara da ke sa waya ta rage gudu da kanta don kada ta lalace.

Ko manya sun sha wannan gardama. A Disamban 2017, manhajar AlphaZero ta kamfanin DeepMind ta kara da manhajar Stockfish 8 wasa 100: ta ci 28, aka yi canjaras 72. Amma masu suka sun ce AlphaZero ta hau na'urorin Google na musamman, Stockfish kuwa aka ba ta ma'ajiya gigabait 1 kacal, da minti guda kowane taku.

Mafi sauƙi, ka ɗora manhajojinka biyu a na'ura guda. A kwamfuta, manhajar Cute Chess na haɗa irin wannan gasa kyauta. Ba su ma'ajiya daidai, ka kuma hana kowace yin tunani yayin da abokiyar karawarta ke kan taku.

In dole sai na'urori biyu, fara sa manhaja guda, misali Stockfish, a kan kowace, ka duba adadin yanayin wasan da take aunawa a daƙiƙa. In kwamfutar ta ninka salular sau biyar, ba salular lokaci ninki biyar. Ka auna bayan wayar ta ɗau zafi, ba da sanyin safiya ba. Wasu na ƙayyade wa manhajojin adadin da za su auna. Ni ban cika yarda da hakan ba, domin irin su Leela Chess Zero kaɗan suke aunawa, amma kowane awo na da nauyi.

Wasa goma ba ya raba gardama. A buga ɗaruruwa, kowane buɗin wasa sau biyu, a musanya fari da baƙi, kamar yadda ake yi a gasar manhajojin ces ta TCEC.