TSOHON FARASHIN DA AKA JA WA LAYI: RAGI NE KO HA'INCI?



'Yan uwa, duk mai sayayya ta intanet ya san wannan hoton: an rubuta ₦30,000 an ja mata layi, a gefe an sa ₦20,000, an ce "garaɓasa, yau kaɗai". Abin ya fi yawa a watan Nuwamba lokacin Black Friday, da kuma gab da sallah. Tambayar ita ce: an taɓa sayar da kayan nan a kan ₦30,000 kuwa?

Idan an taɓa, ragi ne na gaskiya, halal ne, har da ladan sauƙaƙa wa mutane. Idan kuwa ƙirƙirar lambar aka yi, ko aka ɗaga farashin kwana biyu don a sauke shi a ce an yi ragi, to wannan ƙarya ce da ha'inci, ko da ₦20,000 ɗin ita ce farashin kasuwa. Domin lambar da aka soke labari ce kake ba mai saye, kuma da ita ya yanke shawara.

A Sahihu Muslim, Abu Huraira (RA) ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tulin abinci ya ji danshi a ciki, sama kuma a bushe, ya bayyana cewa mai ha'inci ba ya tare da shi. Ya kuma hana najashi, wato ƙara wa kaya kuɗi ba don saye ba, sai don a ruɗi wani. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta lissafa cikin nau'o'in najashi mai kaya ya yi ƙaryar an taya masa kuɗi kaza, da tallan da ke kambama farashi don jan mai saye.

Su ma Turawa sun ga ɓarnar. Tun daga Mayun 2022, dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa mai tallan ragi ya nuna farashi mafi ƙanƙanta da ya sa wa kayan cikin kwana 30 da suka wuce. A 2024 babbar kotunsu ta ce daga wannan farashin ake lissafa kashi nawa aka rage.

Saboda haka, ke mai sayar da atamfa a WhatsApp, kai mai sayar da waya a Facebook:

1. Kada ka soke lambar da ba ka taɓa sayarwa a kanta ba.
2. In farashin wani shago kake kwatantawa, faɗi hakan ƙarara.
3. Kada ka ce "saura biyu" alhali kaya na jibge.

Wanda ya riga ya yi, ya tuba, ya gyara tallansa, wanda ya cuta kuma ya nemi yafiyarsa ko ya mayar masa da haƙƙinsa. Ciniki na iya yawa, albarka ta gudu.

Allah Ya tsarkake mana abincinmu. Wallahu a'alam.