Cibiyar Gani da ke Ƙeya da Dalilin Gaggauta Duba Idon Yaro

A wajen dabbobi masu shayarwa, ciki har da ɗan Adam, hasken da ya shiga ido yana sauka ne a kan wani siririn tantani da ke shimfiɗe a bayan ƙwayar ido, wanda ake kira ratina, inda yake rikiɗewa ya zama saƙonnin lantarki, sannan jijiyar gani, wadda a ɗan Adam take ɗauke da zare sama da miliyan ɗaya daga kowane ido, ta kwashe su zuwa cikin kai. A gindin ƙwaƙwalwa jijiyoyin biyu suna haɗuwa, zaren da suka taso daga ɓangaren ratina na kusa da hanci su tsallaka ɗaya gefen, ta yadda abin da ke hagun mai kallo yakan tafi ɓarin dama na ƙwaƙwalwa, na damansa kuma ya tafi ɓarin hagu. Bayan sun yada zango a sashen da ake kira talamus, saƙonnin sukan isa ƙeya, inda cibiyar gani ta farko take.

Wannan cibiya yanki ne na ɓawon ƙwaƙwalwa, kaurinta bai wuce milimita 2 ba, amma hawa shida ne a jere, kuma hawa na huɗu ne yake karɓar yawancin saƙonnin da suka zo daga talamus. Yawan zaren da ke cikin wannan hawa ya sa ana iya ganin wani farin layi a wurin da ido tsurarsa, layin da Francesco Gennari ya lura da shi a 1776 yana ɗalibin likitanci a Italiya.

Saƙonni ba sa zuba a cikinta barkatai, domin kowane gurbi na filin gani yana da nasa mazauni, kuma maƙwabta a ratina maƙwabta ne a cibiyar. Likitan ido Tatsuji Inouye na Japan ya gano wannan taswira ta hanyar nazarin sojojin da harsashi ya ratsa ƙeyarsu a yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905, inda ya kwatanta hanyar da harsashin ya bi da gurbin da ganin sojan ya ɓace. Taswirar ba ta raba wuri daidai wa daida ba: ɗan tsakiyar filin gani, wanda da shi ake karatu da gane fuska, ya cinye kusan rabin cibiyar. Wannan tsari ne yake bayyana abin da ake gani a asibiti, inda mai hawan jini da hanyar jinin ƙeyarsa ta toshe a ɓari ɗaya kan daina ganin abin da ke gefe ɗaya da idanunsa duka biyu, alhali idan aka haska idanun ba a samun wani aibu. Haka kuma yaron da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa ƙwaƙwalwarsa yana iya farfaɗowa ba ya gani, ko da yake da yawa daga irin waɗannan yara ganinsu yakan dawo a hankali.

Yadda ƙwayoyin jijiyar cibiyar suke aiki ya fito fili ne daga binciken David Hubel da Torsten Wiesel a Amurka, wanda suka fara wallafawa a 1959, ya kuma kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1981. Sun soka siririyar waya a ƙwaƙwalwar kyanwa suna sauraren ƙwaya ɗaya ɗaya, suka tarar cewa yawancinsu ba su cika kula da hasken da ya game ko'ina ba, sai layi ko gefen abu da ya karkata wata fuska ta musamman: wata ƙwayar tana amsa layin tsaye, wata na kwance, wata kuma sai layin ya motsa zuwa wani gefe. A kyanwa da biri, ƙwayoyin da suke son karkata iri ɗaya suna jeruwa daga saman ɓawon zuwa ƙasansa, amma a ɓera a cakuɗe suke. A biri da ɗan Adam kuma, rabon idon dama da na hagu a hawa na huɗu yana bin juna kamar kunyoyin gona, wannan na dama, na kusa da shi na hagu.

Abin da ya fi shafar iyaye shi ne gwajin da Hubel da Wiesel suka wallafa a 1963. Sun rufe ido ɗaya na 'ya'yan kyanwa tun suna jarirai, da aka buɗe bayan watanni sai aka tarar idon lafiyarsa ƙalau, amma kusan duk ƙwayoyin cibiyar sun koma amsa wa idon da aka bari a buɗe. Da aka yi wa babbar kyanwa haka, babu abin da ya canza. Ke nan akwai wani wa'adi a farkon rayuwa da idanun biyu suke takarar wuri a ƙwaƙwalwa, kuma wanda bai aika hoto mai kyau ba yakan rasa rabonsa.

Wannan shi ne asalin larurar da likitoci ke kira ambiliyofiya, wato raunin ganin da ke faruwa idan yanar ido, ko harara-garke, ko bambancin ƙarfin idanun biyu ya hana ido ɗaya aiki a ƙuruciya. Babu abin da ke ɓata ran ma'aikacin ido kamar a kawo yaro mai shekara goma sha biyu da aka haifa da farin ɗigo a baƙin idonsa, an yi ta jira ya girma ya iya jure tiyata, domin ko an cire yanar a lokacin, ganin da ake samu kaɗan ne. Jaririn da aka haifa da yana mai kauri a ido ɗaya ana so a yi masa aiki cikin makonni shida na farko, kuma farin ɗigon kansa yana buƙatar gaggawa saboda wani lokaci alama ce ta sankarar ratina. Mai harara-garke da mai buƙatar tabarau sun fi amfana idan an fara magani kafin shekara bakwai. Maganin yakan haɗa da rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i a kullum don a tilasta wa ƙwaƙwalwa aiki da mai raunin, kuma a nan ne ake yawan samun cikas, saboda yaro yakan yi kuka ya fizge abin rufin, iyaye su ji tausayi su bari, alhali makonnin farko ne mafi wuya, kuma da zarar gani ya fara ƙaruwa yaron yakan rage gardama.