Ciwon Sukarin Yara da Tukunyar Gida

Ciwon sukari iri biyu ne manya. Wanda aka fi sani shi ne mai kama magidanta bayan shekaru sun ja, sau da yawa tare da ƙiba, kuma akan lallaɓa shi da ƙwayoyi da kiyaye abinci. Wanda ya fi kama yara, wato nau'i na ɗaya, asalinsa dabam ne. A bayan tumbi akwai wata tsoka mai ɗan tsawo da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ke fitar da insulin, sinadarin da ke buɗe wa sukari hanya ya bar jini ya shiga naman jiki ya zama ƙarfi. A jikin wasu yara, garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, sai ta rikice ta afka wa ƙwayoyin halittar da ke yin insulin, ta yi ta kashe su sannu a hankali har su ƙare. Shan alewa ba ya jawo wannan ciwo. Ba sakacin uwa ba ne, ba jifa ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Alamunsa ba su da wuyar ganewa ga wanda ya san su. Yaro zai yi ta shan ruwa ba ya ƙoshi, ya yi ta fitsari dare da rana. Wanda ya daɗe da barin fitsarin kwance sai ya koma yi, kuma kiyashi kan taru inda ya tsuguna. Yana ci sosai, amma yana ramewa kamar ana zuƙe shi. Idan aka yi jinkiri, jiki zai koma ƙona kitse, wani sinadari da ake kira kiton ya taru ya gurɓata jini. Daga nan sai amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi, sai suma. A ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, akan ɗauka shi ne, a yi ta ba da maganinsa har lokaci ya ƙure, alhali ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a gane gaskiya.

Abin da aka gani kafin insulin

Rage sitaci ga mai ciwon sukari tsohuwar dabara ce. Kafin 1922 ita kaɗai likitoci ke da ita. Wani likitan Amurka, Frederick Allen, ya shahara da horar da marasa lafiya da yunwa, yana ba su ɗan ganye da ƙwai da bai kai ya riƙe jiki ba. Ta haka wasu yara suka ƙara shekara ɗaya ko biyu a duniya, wasu kuma yunwar ce ta kashe su. Cikin waɗanda ya duba akwai Elizabeth Hughes, 'yar ministan harkokin wajen Amurka na lokacin. Ta kusa shekara 15, amma nauyinta wajen kilo 20 ne kawai. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka fara aikin tace insulin a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, kuma a Janairun 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar farko. A watan Agusta na shekarar aka kai Elizabeth Toronto. Ta murmure, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ta rayu har 1981. Kiyaye abinci ya jinkirta mata mutuwa ne kawai, insulin ne ya raya ta. Har yau babu ganye ko jiƙo ko tsarin cin abinci da ke maye gurbin wannan allura, kuma duk mai maganin da ya ce a ajiye ta yana wasa da ran yaro ne.

Dalilin rage sitaci

Cikin abin da mutum ke ci, sitaci da sukari ne ke ɗaga sukarin jini da sauri. Tuwo, shinkafa, waina, burodi, taliya, doya, rogo, dankali, fura da kunu duk sukari suke komawa a hanji. Giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa na ɗauke da sitaci wajen giram 28, burodi kuwa kusan rabin nauyinsa sitaci ne. Kwalbar lemon zaƙi ta santilita 35 ta kai sukari cokalin shayi tara. Ƙwai guda bai kai giram ɗaya ba. Nama da kifi da mai ba su da sitaci, ko da yake idan aka ci su da yawa sukan ɗaga sukari a makare, bayan awa uku zuwa biyar.

Mai lafiya, fankiriyas ɗinsa ke auna insulin daidai da abin da ya ci, ba tare da ya sani ba. Mai ciwon kuwa, uwa ko uba ne ke yin wannan lissafi da sirinji, kuma lissafin ƙiyasi ne. Wani injiniya Ba'amurke, Richard Bernstein, wanda ciwon ya kama a 1946 yana ɗan shekara 12, ya lura cewa idan sitacin ya yi yawa allurar ma sai ta yi yawa, kuskuren da ke cikinta ya girma. Idan sitacin kaɗan ne, allurar kaɗan ce, kuskuren ma ƙarami. Ya koma makarantar likitanci yana da shekara 45 don a saurare shi, ya kuma tsayar wa mabiyansa giram 30 na sitaci a yini. A 2018 mujallar Pediatrics ta buga wani bincike kan mutane fiye da 300, yara da manya, masu bin wannan hanya, aka ga sukarinsu ya kusa na masu lafiya. Sai dai su ne suka kawo kansu, kuma yawancin bayanan daga bakinsu aka ji, don haka ba a iya ɗora hukunci a kansa.

A shekarar dai wasu likitocin Ostireliya da Niyu Zilan suka ba da labarin yara shida da aka tsananta wa hana sitaci. An ga tsayawar girma, da hauhawar kitsen jini, da gajiya, da rikici a gida lokacin cin abinci. Yaro ba ƙaramin babba ba ne: yana gina ƙashi da tsoka, kuma idan abinci ya gaza, girmansa ne ke biya. Akwai kuma haɗari biyu na ɓoye. Hanta na ajiye sukari don ranar buƙata, kuma idan ajiyar ta yi ƙasa, allurar gaggawa ta gulukagon, wadda ake yi wa wanda ya suma, ba ta aiki yadda ya kamata. Sannan mai tsananta rage sitaci kullum akwai ɗan kiton a jininsa, har ya zama da wuya a bambance na abinci da na haɗari. Saboda haka a 2023 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce ba ta ba da shawarar irin wannan tsari ga yara masu nau'i na ɗaya, sai dai ƙarƙashin sa idon likitoci na kusa. Ƙungiyar ISPAD, ta masana ciwon sukarin yara ta duniya, ta ce kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na ƙarfin da yaro ke samu daga abinci ya fito daga sitaci. Tukunyar Bahaushe, inda tuwo ke cika kwano miya ta tsaya a gefe, takan zarce haka nesa. Ke nan a yawancin gidaje akwai filin ragewa mai faɗi kafin a kai bakin haɗari.

Wajibi ne a san irin insulin da yaro ke amfani da shi kafin a taɓa abincinsa. Yara da yawa a Nijeriya da Nijar suna kan gaurayayyen insulin mai launin madara, wanda ake yi sau biyu a rana. Irin wannan, da zarar ya shiga jiki zai yi aikinsa ko an ci ko ba a ci ba, don haka yana buƙatar sitaci a kan lokaci, har da ɗan abin taɓawa da hantsi da kuma kafin barci. Uwar da ta ji labarin rage sitaci a waya, ta cire tuwon dare ba tare da likita ya rage allura ba, ta guje wa gara ta faɗa wa zago, domin sukarin yaron zai iya faɗuwa cikin barci. Wanda ke yin allura mai dogon aiki sau ɗaya, da mai saurin aiki a kowane cin abinci, shi ya fi samun damar daidaita allura da abin da ke cikin kwano.

A madafa

Abin da ya fi sauƙin cirewa shi ne abin sha mai zaƙi: lemon kwalba, zoɓo da kunun zaƙi da aka zuba wa sukari, shayi mai kauri. Zuma da dabino, duk da albarkarsu, suna ɗaga sukari kamar kowane zaƙi. Koko ma, da yake an tace shi an raba shi da dusa, yana shiga jini da sauri, don haka karin kumallo da ƙwai, ko alala, ko awara, ko ƙosai ya fi. Wake yana da sitaci, amma yana sakinsa a hankali. Da rana da dare sai a juya tsarin kwano: malmala ta ragu, miya ta ƙaru. Kuka, kuɓewa, lalo, alayyahu, yakuwa, agushi da taushe duk suna cikin abin da gida ya saba, haka kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli. Gyaɗa, riɗi, kindirmo marar sukari da busasshen kifi suna cike gurbin ƙarfin da aka rage ba tare da an kashe kuɗi mai yawa ba. An yayata cewa acca da tuwon alkama abincin masu ciwon sukari ne. Hatsi ne kamar sauran hatsi, kuma dole a lissafa su.

Awo ya fi ƙiyasi. A ware mara guda ko ludayi guda da za a riƙa auna wa yaro tuwo da shinkafa da shi kullum. A gwada jininsa kafin ya ci da kuma bayan awa biyu, a rubuta a littafi tare da sunan abincin. Cikin mako biyu ko uku uwa za ta ga da idonta abin da waina ke yi wa ɗanta da abin da ɗanwake ke yi, kuma wannan littafi shi likita zai duba ya gyara allura. Abin da ake nema shi ne sukari ya zauna tsakanin 70 da 180 a yawancin yini, a na'urar da ke auna miligiram, wato 3.9 zuwa 10 a mai auna milimol.

Yaron yana buƙatar kwanonsa dabam saboda awo, amma daga tukunyar kowa. Idan ana dafa masa nasa shi kaɗai, 'yan uwansa na shan lemo a gabansa, zai ɗauki ciwon a matsayin horo, ya koyi ci a ɓoye da ƙarya a littafi. 'Yan mata masu tasowa sun fi shiga wannan haɗari, har wasu kan rage allura don su rame. Kaka da gwaggo da maƙwabta, masu miƙa alewa don ƙauna, su ma a zaunar da su a yi musu bayani. Ranar Sallah ko biki ba sai an hana shi komai ba, a auna a lissafa. Azumi kuwa bai hau kan wanda bai balaga ba, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Duk da wannan, kada aljihun yaro ya rabu da sukari. Idan ya fara rawar jiki, gumi, yunwa ko rikicewar magana, ko na'ura ta nuna ƙasa da 70, a ba shi cokalin shayi biyu zuwa huɗu na sukari a ruwa, gwargwadon girmansa, a sake gwadawa bayan minti 15. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti. Malaman boko da na Islamiyya su san haka. Ranar zazzaɓi kuma ba a tsayar da insulin ko da yaro ya ƙi abinci, domin cuta ɗaga sukari take yi. Inda babu firji, akan sa kwalbar insulin a leda a ajiye cikin tukunyar ƙasa da aka zaunar a wata babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jihar Jigawa don adana kayan lambu.

Sauran cututtukan garkuwar jiki

Garkuwar da ta yi kuskure sau ɗaya tana iya maimaitawa a wata gaɓa. Wadda ta fi yawa ita ce tayiroid, ƙwayar gaban wuya da idan ta kumbura ake ce wa maƙoƙo. Alamunta kasala, jin sanyi, bushewar fata da jinkirin girma, kuma maganinta ƙwaya guda ce kowace safiya. Ta biyu ita ce cutar siliyak, mai samun wajen yaro ɗaya cikin 20 na masu nau'i na ɗaya. A nan gulutin, sinadarin da ke sa ƙullin alkama danƙo, shi ke tunzura garkuwa ta lalata bangon hanji. Wani likitan yara a Holan, Willem Dicke, ya tabbatar da zarginsa kan alkama lokacin yunwar 1944 zuwa 1945, da ya ga yaran da ke fama da cutar sun samu sauƙi sa'ad da burodi ya ɓace, suka koma ciwo da ya dawo. Alamunta gudawa ko kumburin ciki, ƙarancin jini, da faɗuwar sukari ba dalili, wasu kuma ba sa nuna komai.

Cikin cututtukan nan uku, siliyak kaɗai abinci ke magancewa, ta hanyar barin alkama da sha'ir har abada: burodi, taliya, cincin, fanke, alkaki, samobita da duk abin da aka sa wa fulawa, har da ɗanwaken da aka gauraya da ita. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo da wake ba su da gulutin, sai dai a kula da injin niƙan da aka niƙa alkama a cikinsa. Kada a cire alkama kafin gwaji, domin cirewar na ɓoye cutar daga gwajin jini. Akan duba tayiroid da siliyak jim kaɗan bayan an gano ciwon sukari, a maimaita lokaci-lokaci yadda likita ya tsara. Duk wata uku kuma a auna tsawon yaro da nauyinsa a sa a katin girma, a yi gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, wanda ake so ya tsaya ƙasa da kashi 7. Idan wannan lamba ta yi kyau amma layin tsawo ya kwanta, an rage abincin fiye da kima, sai a ƙara malmala a gyara allura.