Amsoshin Tambayoyinku: Rage Ƙarfin Baiwar Karanta Zukata a Wasan Dungeons & Dragons

Wani mai sauraro ya nemi sanin yadda za a daidaita baiwar karanta zukata da 'yan wasa suka ƙirƙiro, wadda ta danne ta sauran. A wannan wasa, da ya fito a Amurka a 1974, kowa, ban da jagoran wasa, yana ɗaukar matsayin jarumi, ɗan lido mai fuska 20 kuma yana yanke nasara ko faɗuwa. Illar baiwar ita ce tana tona asirin labari kafin a yi bincike, don haka ya dace a ƙayyade yawan amfani da ita kafin jarumin ya huta, a kuma ba wanda ake leƙa zuciyarsa damar jefa ɗan lidon don kare kansa. Soke ta ɗungurungum bai dace ba. Gara jagoran wasa ya gyara ta tare da mai ita.