Yadda Ake Toshe wa Dajin Hanta Hanyar Abinci

Idan likita ya ce ƙarin da ke hanta ya wuce a yanke, ba a nan zance ya ƙare ba. Akwai aikin da ake kira TACE, wanda likitocin Japan suka bunƙasa tun wajen 1980. Na tsaya bayan gilashi na kalle shi daga farko har ƙarshe, kuma har yau yana raina.

Dabarar tana cikin halittar hanta. Jijiyoyi biyu ke kai mata jini: wadda ke tasowa daga hanji, mai ɗauke da kusan kashi uku cikin huɗu, da wadda ke kawo jinin zuciya. Shi kuwa ƙarin daji, kusan duk abincinsa daga ta biyun yake samu. In an toshe reshen da ke ciyar da shi, sai ya kwana da yunwa, hanta kuma ta ci gaba da rayuwa da ɗayar.

Mara lafiya idonsa biyu. A kashe masa zafi a matsematsi, a huda jijiya, a zura siririn bututu ya haura ciki. Wannan ba ya ɗaukar lokaci.

Inda gwani ke bayyana shi ne neman reshen. Likita, sanye da rigar dalma mai nauyi saboda hasken na'ura, yana fesa rini yana kallon allo. "Riƙe numfashi, Baba," in ji shi, sai jijiyoyin su fito kamar saiwar gamji. Ba kowa ke da shimfiɗa iri ɗaya ba. Wani jijiyar hantarsa daga ta hanji take ɓullowa, dole a koma a sake lalube. Da ɗan yatsa da babban yatsa likita yake murza waya mai kaurin zare, ya tura kaɗan, ya janye, ya sake murzawa. A nan kusa akwai reshen matsarmama da na tumbi. Magani ya kuskura ya shiga can, an ƙara wa mutum wani ciwon. Shi ya sa ko da likita ya isa, ba ya gaggawa: a hankali yake tura doxorubicin da aka dama da man Lipiodol, sannan ƙananan ƙwayoyin toshiya, idonsa a kan gudun jinin. Da ya ga ya lafa, sai ya ɗage hannu. Ɗigo ɗaya a kan haka, sai maganin ya yi baya.

Masu wannan hannu ba su da yawa a wajenmu, ga shi ciwon hanta nau'in B da funfunar gyaɗa da masara na turo mana marasa lafiya, galibi a makare. Abin yana ci mini rai.

Ba warkewa ba ce, ja da ciwo ne. Yanzu ana gwada haɗa aikin da magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki. A 2024 gwajin EMERALD-1 ya nuna cewa ƙara durvalumab da bevacizumab yana jinkirta ci gaban ƙarin.

Bayan an zare bututu, a danne wurin, mutum ya kwanta sambal na wasu sa'o'i. Zazzaɓi da tashin zuciya da ciwon gefen dama sukan biyo baya na 'yan kwanaki. Bayan kamar wata guda a sake ɗaukar hoto, a duba ko man ya zauna fari fat a cikin ƙarin, ko akwai gefen da ke shan jini har yanzu, a sake shiga.